Waiwaye: Tafiyarmu Zuwa Chappal Waddi

Samarin unguwar Luggere ta Jimeta da yawa sun san labarin Dubai ciki da waje, amma ka tambaye su dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, sai ka ji tsit. Chappal Waddi ne, mai tsayin mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Wani yankin gandun ma, wato Gumti, a cikin Adamawa yake, ta wajen Toungo.

Da rani muka tashi daga Jimeta, ni da abokan ƙuruciyata. Muka bi Mayo Belwa, Zing, Jalingo da Bali, muka sauka Serti, hedikwatar gandun, inda aka ba mu izini da jami'in daji. Inda mota ta gaza, ƙafa ta karɓa. Kwana da kwanaki muna ratsa kurmi, muna naɗe wando mu tsallake rafi da jaka a ka. Da asuba ruwan alwala yakan sa yatsu su sandare. A wata ruga can kan tudu, wata dattijuwa ta miƙo mana ƙwaryar kindirmo, ta ƙi karɓar ko sisi.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne ranar da ƙafar ɗayanmu ta kumbura. Masu ƙarfi sun yi nisa, shi yana can baya yana ɗingishi shi kaɗai. Dattijon da ke mana jagora ya tsayar da kowa, ya raba kayan yaron a tsakaninmu, ya ce: "Ɗana, wuce gaba. Samari, a daji wanda ya gaji shi ke ja, sauran su bi sawunsa." Tafiya ta ragu, gaskiya, amma dukkanmu muka taka ƙololuwar dutsen tare, muka hango tsaunukan Kamaru. Har yau nakan tuna maganar nan idan na ga ana gaggawa a gida ko wurin aiki, an bar mai rauni a baya.

Duk mai niyya ya jira damina ta ɗauke, ya nemi izini a Serti, ya tanadi rigar sanyi da takalmi mai ƙwari. 'Yan dako da jagora kuwa, don Allah a biya su haƙƙinsu cikakke, kada a yi musu cinikin kasuwa.