Kada Mu Jira Sai Tukunya Ta Bushe



A watan Oktoba 2018 jaridar Daily Nigerian ta fitar da bidiyon da ake zargin yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, yana cusa daloli a aljihu. Gwamnan ya musanta. Daga Kasuwar Kurmi har Sabon Gari ba wata hira sai wannan. Duk da haka, a zaɓen 2019, bayan an sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna, APC ta riƙe kujerar gwamna da ratar da ba ta kai 10,000 ba.

Sai ga 2023. Bayan da Babban Banki ya sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka ɓace, man fetur ya yi wuya. Mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, 'yan kasuwa suka yini ba ciniki. A zaɓen 18 ga Maris APC ta faɗi, Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar NNPP, ya ci da rata fiye da 100,000. Ba mu raina ƙarfin Kwankwasiyya ba, amma a ganinmu wahalar ta taimaka ƙwarai.

Abin da ke damunmu ke nan: zargin cin amana yakan tsaya a hira, sai tukunya ta bushe talaka ke hukunta jam'iyya mai mulki. 'Yan siyasa sun gane haka, shi ya sa gab da zaɓe ake rabon taliya, sabulu da atamfa. Wanda ciki ne alƙalinsa, sayensa ba wuya. Mu tuna da Isuwa a Farawa sura 25, wanda yunwar yini ɗaya ta sa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari.

Kada wani ya ce mu 'yan ƙalilan ne a Kano. Ratar 2019 ta nuna ƙuri'un ƙananan ikilisiyoyi ma suna da nauyi.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya: ɗan takara ya zo, kada a karɓi ambulan. A tambaye shi batun filin gina majami'a, makabarta, da malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. A bincika yadda ya riƙe amana a baya. Zumuntar mata da matasa su tabbatar kowa yana da katin zaɓe.

Mu yi ta addu'a domin shugabanni. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.