Daga Gaban Allo: Ƙaramin Harafi, Babban Bambanci

Wannan wata zancenmu ya faɗa kan kimiyyar sinadarai, wadda a lakwal muke kira shimi, kuma wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe a nan Njamena ne ya jawo shi.

Mun ba su aiki su lissafa nauyin benzen, sinadarin nan da ke cikin man fetur, irin wanda matatar Jarmaya take tacewa tun 2011. Amsa 78 ce. Yaron nan ya kawo 84, ya kuma rantse cewa kwamfuta ce ta ba shi. Da muka duba, ashe ya rubuta mata C1CCCCC1 da manyan haruffa. A tsarin rubutun SMILES, wanda David Weininger na Amurka ya wallafa a 1988, wannan sunan wani sinadari ne daban, sikloheksan, mai haidurojin 12. Benzen mai haidurojin 6 ne, ana rubuta shi c1ccccc1. Da a jarrabawar bak ne, da maki ya tafi.

To, mene ne ƙaramin harafin yake nufi? A 1865 Kekulé ya zana benzen kamar zobe mai kabon shida, ɗauri ɗaya na bin ɗauri biyu. Daga baya aka gane cewa ɗaurin shidan nan duk tsawonsu ɗaya ne, domin elektaron shida sun bazu sun kewaye zoben baki ɗaya. Irin wannan zobe shi ake kira aromatik, wato mai ƙamshi, ko da yake yanzu ba hanci ke tantance shi ba. A 1931 Hückel na Jamus ya kawo ƙa'idar ƙirga: zoben ya zama shimfiɗaɗɗe, elektaron ɗinsa su zama 2, ko 6, ko 10, haka dai. Ƙaramin harafi alama ce cewa marubuci yana da'awar zobensa irin wannan ne.

Wahalar tana nan: da'awa ba hujja ba ce. Ku ɗauki firol, zobe mai kabon huɗu da naitirojin ɗaya, wanda muke kira azot. Kowane kabon yana ba da elektaron ɗaya, azot kuma biyu, muddin yana riƙe da haidurojin. An sami shida. Amma in mutum ya rubuta c1ccnc1, ya manta haidurojin ɗin, lissafi ba ya tashi. Manhajar RDKit sai ta ƙi karɓa. A ganinmu daidai ta yi.

Mu Hausawa mun san wannan matsala. In an rubuta "gari" a boko, birni ake nufi ko na tuwo? Mutum yana ganewa daga sauran magana. Kwamfuta ba ta da sauran magana, abin da aka ba ta kawai take gani.

Su kansu manhajojin ba bakinsu ɗaya ba. Kafeyin da ke cikin goro da shayi zobe biyu gare shi. RDKit tana ƙirga duka biyun a aromatik, wasu kuma masu wata ƙa'ida ba su yarda da haka ba. Sinadari ɗaya, hukunci biyu. Mai neman magani a cikin rumbun sinadarai dubbai zai iya rasa abin da ke gabansa saboda wannan saɓani.

Shawararmu ga masu ƙera manhaja uku ce. Kada na'ura ta gaskata ƙaramin harafi sai ta mayar da shi zanen Kekulé ta ƙirga da kanta. In rubutu ya ɗauki ma'ana biyu, ta tsaya ta tambaya, kada ta yi ƙirdado a ɓoye. Sannan ta faɗi ƙa'idar da take bi.

Ku kuma ɗalibai, ku zana zoben da hannu, ku ƙirga haidurojin kafin ku taɓa waya. Iyaye, in yaro ya ce na'ura ce ta faɗa, ku tambaye shi me ya rubuta mata. Ɗalibin namu ya sake lissafi a kan allo, ya sami 78.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.