Wasiƙar Tsanyawa: Murar da ba ta jin kafso

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake dawowa filin nan da ka saba ba ni. Yau ba zancen taki ko kuɗin gyaɗa na zo da shi ba, zancen hancina ne, kuma ina roƙon masu karatu kada su yi dariya tukuna.

Shekara tara ke nan, da zarar an girbe gero a nan Tsanyawa, mata suka shiga sussuka da shiƙa, hunturu kuma ya sako hazo, sai wata irin mura ta kama ni. In tashi da asuba in yi ta atishawa ba ƙaƙƙautawa, har liman ya kan san na iso masallaci tun bai gan ni ba. Hanci ya yi ta zubar da ruwa tsinkakke, idanu su yi ja, ganɗa da maƙogwaro su yi ta ƙaiƙayi. Amma fa babu zazzaɓi, babu ciwon jiki, ba kuwa wanda ya taɓa ɗauka daga gare ni a gidanmu. Murar da muka sani kwana bakwai zuwa goma ta ke yi ta wuce. Wannan kuwa sai ta kai ni bazara.

Kowace shekara mai kemis ya kan ba ni kafso, in sha, ba ta ko gezau. Daga baya ya ba ni wani maganin ɗigawa a hanci. Ran farko na yi barci kamar jariri, na yi ta sa masa albarka. Bayan wata uku sai na tarar ba na iya runtsawa sai kwalbar na ƙarƙashin matashina, hancin kuwa ya fi dā toshewa. Ana nan sai wani dattijo ya ce ai beli ne ya sauko, shi ke sosa mini wuya, a kira wanzami ya cire. Har an sa rana. Allah ya kawo wani ɗalibina na dā, wanda yanzu malamin asibiti ne, ya ce, "Malam, don Allah ka dakata." Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Kano.

Abin da ya ba ni mamaki, likitan nan tambaya ya fi yi. Wane wata ta ke farawa? Da safe ta fi tsanani ko da dare? A ɗaki ko a gona? Ina rumbu ya ke daga ɗakin kwanana? Akwai mai asma a danginmu? Sa'an nan ya leƙa kunnuwana, ya duba maƙogwaro, ya zura wani siririn abu mai fitila cikin hanci. Ya ce belina lafiya lau ya ke, ruwan hanci ne ke gangarowa ta baya ya ke kawo susar. Da an yanke, da na yi asarar jini a banza, murar kuwa tana nan daram.

Sunan ciwon, in ji shi, alaji (ba Alhaji ba, kada a kai ni ƙara). Ɗan'uwan borin jini ne, sai dai a hanci ya ke fitowa. Watau jiki ne ke ɗaukar abin da ba shi da wata cuta, kamar bununin gero da na ciyawa, ko funfuna, ko garin kyankyaso, ko wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zaune cikin ƙurar katifa, ya mai da shi abokin gaba, ya tashi yaƙi. Kafso kuwa don kashe ƙwayoyin cuta aka yi shi, nan kuma babu abin kashewa. Maganin ɗigawar nan ba a wuce mako guda ana sa shi, gama in aka zarce shi da kansa ke kumbura hancin.

Malamai za su so su ji cewa ba Turawa suka fara lura da wannan ba. Abubakar al-Razi, babban likitan nan na Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta risala a kan murar da ke kama wadansu mutane lokacin da wardi ke fure. A 1819 wani likitan Ingila, John Bostock, ya bayyana tasa murar mai dawowa kowace shekara. Wanda ya fi burge ni shi ne Charles Blackley na Manchester: ya karci fatarsa ya shafa garin fure, wurin ya tashi, ya buga littafi a 1873 ya nuna daga inda ciwon ya ke. Har yau gwajin fata bisa wannan hanya ya ke tafiya. A kan ɗiga ruwan abubuwan da a ke zargi a damtse ko sangalin hannu, a ɗan tsikara, a jira minti 15 zuwa 20. Wanda ya tashi kamar cizon sauro, shi ne ɓarawon. Likita ya ce sau da yawa tambaya da dubawa sun isa, gwajin kuwa ya kan raba tsakanin mai alaji da wanda hazo da hayaƙin murhu kurum ke fusata hancinsa.

Ya ba ni maganin fesawa mai kwantar da kumburi, ya ce kowace rana, kuma kada in ƙosa, domin ya kan ɗauki kwanaki, har mako biyu, kafin ya nuna cikakken aikinsa. Ya haɗa da ƙwayar cetirizine. Ya gargaɗe ni a kan Piriton, wadda ke sa barci, ba ta dace da mai tuƙa babur a hanyar Kano zuwa Katsina ba. Ya koya mini shaƙa ruwan gishiri kaɗan, da ruwan da aka tafasa ya huce. Wannan bai yi mini wuya ba, mai alwala sau biyar ya riga ya iya.

Akwai alamun da ya ce kada a tsaya jiran kaka ta wuce: hanci ɗaya tak ya toshe ya ƙi buɗewa, ko haɓo ya yi ta dawowa, ko ƙirji ya riƙa fito da dare. Yaro kuwa in ƙofar hanci ɗaya na fitar da ruwa mai wari, galibi wake ko ƙwayar masara ya cusa. Irin waɗannan likitoci akwai su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mai niyyar zuwa ya fara rubuta watan da ciwon ke tasowa da wurin da ya fi kama shi, ya tafi da kwalaben duk abin da ya sha.

Ni dai bana mako biyu kafin girbi na fara fesawa, na roƙi iyali su mai da shiƙa bayan gida inda iska ba ta kawo ƙaiƙayi ɗakina, na kuma tono takunkumin da ya rage mini tun korona ta 2020, ina sa shi in zan shiga rumbu. Atishawar ba ta ɗauke ƙaf ba, amma ina barci. Wanzamin kuwa har yanzu in muka gamu a kasuwa sai ya ce, "Malam, yaya belin namu?"

Haza wasalam.

Naku,
Malamin Makaranta, Tsanyawa