Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga 'Yan Rawar Dandali na Yalwawa da Kewayen Dutse

Gaisuwa da fatan alheri su tabbata ga shugabannin ƙungiyoyin rawa da sarakunan samari da dukan matasan da ke fitowa filayen unguwa a Yalwawa da sauran sassan Dutse, a ranakun Sallah da lokutan hutu, suna yi wa jama'a wasa ba tare da karɓar kuɗin shiga ba. Yabo ya wajaba a kansu, domin tun da Dutse ta zama hedikwatar Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991 gine-gine suke cin filaye, kuma yaron da ya tashi a sababbin unguwanni ba ya samun dandali irin wanda iyayensa suka sani, wato filin da samari da 'yan mata suke haɗuwa da dare su yi gaɗa da sauran wasanni. Duk wanda ya share fili ya tara mutane kyauta ya yi wa garin hidima, kuma an gode masa.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne ɗabi'ar sallamar makaɗa a ɗauko lasifika, a jona mata waya, a saki kiɗan da aka naɗa a situdiyo, sannan a ɗaura kayan gargajiya a ce ana rawar gargajiya. Wannan ɗabi'a ta yaɗu har wasu matasa sun ɗauka haka abin yake tun asali, alhali kuwa ita ce take zare wa rawar ranta. Dalilin yana cikin yadda kalangu yake aiki. Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, an rufe bakunan da tantani, wato fata mara kauri, an haɗa su da tsirkiya, kuma makaɗi yana matse tsirkiyar a hammatarsa ko ya sassauta ta domin sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya suke bambanta ma'anar kalma, kalangu yana iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane abin da ake faɗa. Daga nan ne aka sami take, wato gajeren kiɗan da aka keɓe wa mutum ko sana'a ko zuriya, wanda da zarar an buga shi mai shi ya san da shi ake, tsikar jikinsa ta tashi, ya faɗo fili ko bai yi niyya ba.

Saboda haka rawar dandali zance ce tsakanin mutum biyu. Makaɗi yana duban ƙafar mai rawa, idan ya ga ta yi nauyi ya ja kiɗan ya ba shi numfashi, idan ya ga jini ya hau ya ƙara wuta, idan ɗan rawa ya kawo wani salo da ba a shirya ba ya tare shi da amsar da ta dace, masu ƙananan ganguna irin su kuntuku da ɗan karɓi suna riƙe da ma'aunin kiɗan a bayansa. Na'ura ba ta ganin ƙafar kowa. Tana tafiya yadda aka naɗe ta, minti huɗu ko biyar, ta yanke, ɗan rawa kuwa ya koma mai bin umarni, yana ƙirga taku a zuci domin kada waƙa ta ƙare ta bar shi a tsaye. Wanda ya saba da haka shekara biyu zai iya tsalle da juyi da wuntsila gudidi, amma ranar da aka ajiye shi gaban makaɗi na gaske ba zai gane ana kiransa ba. Wannan hasara ce babba, kuma ba ta bayyana a hoton bidiyo, shi ya sa masu yin ta ba su damu ba.

Magabata ba su raba rawa da kiɗan hannu ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa da makaɗan kalangu a bayansa, kuma ko da ya shiga gidajen rediyo da talabijin da su ya shiga. Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta riƙe tarukan mata da kiɗan ƙwarya na amada, mata suna rawa masu ƙwarya suna bin su. A ƙasar Jigawa kanta an yi Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa. Ita ma rawar koroso, wadda matasan yau suka fi kwaikwayo, ta yi suna ne a bukukuwan al'adu na ƙasa tun shekarun 1970, lokacin da Dutse take cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma ta tsayu ne a kan busar sarewa da kaɗa lalajo, wato ɓallin ƙwarya da ake jerawa a jikin itace ana girgizawa, waɗanda aka gada daga Fulani. Kayan da ake ɗaurawa a ƙafa masu kacau-kacau, waɗanda rawar ta samo sunanta daga gare su, su ma kayan kiɗa ne, ɗan rawa da kansa yana cikin makaɗa. Idan aka ƙure lasifika har ƙararsu ta nutse, sun zama ado kawai. Masana sun yi wahalar tattara sunayen waɗannan kaya da amfaninsu, daga David Ames da Anthony King a littafinsu na 1971 har zuwa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, kuma abin takaici ne a wayi gari sunayen suna cikin littafi a ɗakin karatun jami'a, kayan kuwa babu mai taɓa su a filin da ke kusa da ita.

Hujjar da ake kawowa ita ce tsada, wai wasan kyauta ba ya ɗaukar nauyin makaɗa. Hujjar tana da kama da gaskiya, amma ba ta tsayuwa idan aka yi lissafi. Lasifika haya ake yi, janareta ma haya ne, man fetur kuwa tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da ya zama. Kuɗin da ake ƙonawa a yammaci ɗaya zai sallami mai kalangu da yaronsa, kuma ba a buƙatar fiye da su biyu a fara. A tsarin da aka gada, sarkin samari ne yake gayyato makaɗi, 'yan kallo su yi masa liƙi, wato manna kuɗi a goshinsa ko jefa masa, da haka yake ci yake kuma sayen fata. Yau liƙin yana zuba a kan ɗan rawa, mai na'ura ya karɓi kuɗin hayarsa, tsohon makaɗin da ke ƙauyukan Kiyawa ko Birnin Kudu kuwa ya rataye kalangunsa, ɗansa ya kama acaba. Waɗanda suke kiran kansu masu raya al'ada su ne suke kashe gidan da al'adar take fitowa, kuma ya kamata su ji kunyar wannan.

Akwai aibi na biyu da ya biyo bayan na farko, shi ne karya da'ira. Rawar dandali a zobe ake yin ta, jama'a sun kewaye, yara a gaba a zaune, manya a baya, mata a ɓangarensu, ɗan rawa yana zagayawa domin kowane gefe ya sami rabonsa. Yanzu sai a jera sahu ɗaya a fuskanci mai riƙe da waya saboda TikTok, ko a fuskanci rumfar manyan baƙi, a juya wa sauran mutane ƙeya har a tashi. Tsarin sahu yana da muhallinsa, kamar a Dandalin Malam Aminu Kano idan ana taron gwamnati, ko a fim, inda rawar waƙoƙin nanaye ta ginu a kan kyamara tun farkonta, kuma babu mai zargin 'yan fim a kan sana'arsu. Filin unguwa kuwa na wanda bai biya ba ne, na almajiri da mai tallan gyaɗa da tsohuwar da ta jawo jikanta, kuma idan ba za a dube su ba, kyautar da ake taƙama da ita ba ta kai gare su ba. Nan ma na'urar ce tushen abin, domin makaɗi yana shiga cikin fili yana bin ɗan rawa duk inda ya juya, lasifika kuwa a wuri ɗaya take kafe, dole kowa ya daidaita da ita. Haka kuma makaɗi yana jin kiran sallar magariba ya ɗauke hannu, yana ganin dattijo zai wuce ya sassauta, abin da ya sa malamai da masu unguwanni suka daɗe suna haƙuri da dandali. Ƙarar lasifika a kusa da masallaci ita ce take jawo ƙorafin da yake kai ga hana wasa gaba ɗaya.

Idan maganar ta yi zafi, a yi haƙuri, ƙauna ce ta kawo ta. Roƙon da ake yi wa shugabannin ƙungiyoyi shi ne kowace ƙungiya ta nemi makaɗi ɗaya daga cikin waɗanda suke fitowa hawan Sallah a fadar Mai Martaba Sarkin Dutse da ke Garu, ko daga gidajen kiɗa na ƙauyuka, ta riƙa yin atisaye da shi ko da sau ɗaya a mako, ta ware masa kaso sananne daga liƙi, ta kuma ba shi yara biyu daga cikinta su koyi hannu. Kafin Sallah mai zuwa akwai isasshen lokacin fara wannan.

Allah ya ƙara basira, ya kiyaye ƙafa da gwiwa.