Ba Kowane "Sanyi" Ne Ke Jin Kafso Ba

Kalmar "sanyi" a bakin Bahaushe ta zama jakar magori. Mace ta ji zafin fitsari, a ce sanyi ne. Ta ga farin ruwa da ƙaiƙayi, a ce sanyi ne. Yaro ya saba wanka a kududdufi, ya fara fitsarin jini, nan ma ba a rasa mai cewa sanyi ne. Da yake sunan ɗaya ne, sai maganin ma ya zama ɗaya: a aiki yaro kemis ya karɓo kafso ja da yalo, a sha kwana biyu, a ajiye ragowar don gaba.

Alhali waɗannan cututtuka uku ba dangin juna ba ne. Fitsarin jinin yaron galibi tsargiya ce, tsutsar da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, kuma maganinta praziquantel. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri sau da yawa wata irin fumfuna ce da likitoci ke kira kandida. Antibayotik ba ya kashe ta, yakan ma buɗe mata fili, domin yana share ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin jikin mace. Zafin fitsari da yawan matsuwa ne alamar ciwon mafitsara, wanda antibayotik ke yi wa aiki.

Mafi yawan wannan ciwo ƙwayar E. coli ce ke haddasa shi. Mazauninta hanjin mutum ne, kuma ta fi samun mata saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce, kimanin santimita 4. Bandakin haya da ake ta ɗora wa laifi ba shi ne tushen abin ba.

Ko a nan, ba kowane antibayotik ne ya dace ba. Cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba don ciwon da bai wuce mafitsara ba akwai nitrofurantoin, na kwana 5. Ciprofloxacin kuwa ta sa shi a rukunin da ake taka-tsantsan da su, kuma tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba da irinsa ga ƙaramin ciwon mafitsara muddin akwai wani zaɓi. A unguwanninmu ana sayar da shi kamar gyaɗa. Shi kuwa ja da yalon, wato tetracycline, idan mai juna biyu ta sha yakan ɓata haƙoran abin da ke cikinta.

Duk lokacin da aka sha maganin da bai dace ba, ko aka sha ƙasa da ƙima, raunanan ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan kashedi tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara.

Ban yarda da masu cewa jahilci ne kawai ya jawo haka ba. Gwajin fitsarin da ke nuna ƙwayar cutar da maganin da take ji yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, ga kuɗi, ga layi. Sannan ga kunya: mace ta zauna gaban likita namiji tana bayanin matancinta abu ne mai nauyi, shi kuwa mai kemis ba ya tambayar komai. Asibitin da ya tanadi ma'aikaciya mace da gwaji mai sauƙin kuɗi ya fi lacca goma amfani.

Sai dai akwai waɗanda bai kamata su tsaya a kemis ba ko kaɗan. Mai ciki tana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ta ji komai ba, har ta hau ƙoda ko ta jawo haihuwar bakwaini, shi ya sa ake duba fitsari a wurin awo. Haka namiji, da ƙaramin yaro, da wadda ciwon ke tafiya yana dawowa. Idan kuwa zafin fitsari ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai, to mai yiwuwa abin ya kai ƙoda, sai asibiti a ranar.