Naira Nawa Ne Kwanon Abincin Ɗan Makaranta?

Duk malamin da ya taɓa shiga aji da misalin ƙarfe 11 na safe ya san yadda ɗakin kan yi sanyi a wannan lokaci. Yaron da ya zo da kuzari sai ka ga ya fara hamma, wani ya kifa kai a kan benci, wani kuwa idonsa yana kan allo amma hankalinsa yana wurin mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta. Sau da yawa mukan kira wannan lalaci, har wani lokaci hannu ya kai ga bulala. A matsayina na malamin ilmin halittu, ina ganin ya kyautu a fara tambayar yaron yaushe rabonsa da abinci.

Dalilina shi ne, ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai tsananin ci. A jikin baligi nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma duk da haka takan cinye kimanin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki yake ƙonawa a lokacin hutu. A jikin yaro ɗan shekara 5 ko 6 kuwa, rabonta ya haura rabi. Abincinta wani nau'in sukari ne da ake kira gulukos, kuma ba ta da rumbun ajiye shi. Jini ne yake kawo mata a kai a kai, daga abin da aka ci ko daga ɗan guzurin da hanta ta tanada. Yaron da ya ci tuwo bayan isha'i, ya kwana, ya tako makaranta ko koko bai sha ba, zuwa ƙarfe 11 ya yi awa 14 ko fiye babu abin da ya shiga cikinsa. Jiki yana da dabarun hana sukarin jini faɗuwa warwas, amma natsuwa da riƙe abin da aka ji su ne suke fara raunana. Da ma Bahaushe ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Bayan wannan yunwa ta ciki, akwai wata wadda ba a ji. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar iskar oksijin ne da taimakon sinadarin ƙarfe, kuma idan wannan sinadari ya yi ƙaranci a cikin abinci, ko tsutsar ciki tana zuƙe jinin yaro, sai ka same shi cikin kasala ko da ya ƙoshi. Saboda haka ciyar da ɗan makaranta yana da ma'auni, kamar yadda magani yake da ma'auni. A nan ne kuma nake ganin muka daɗe muna yin lissafin a baibai.

Ciyar da 'yan firamare ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Jihar Kano ta yi shi a zamanin gwamnatin da ta hau mulki a 1999. A 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin gwaji a wasu jihohi, amma yawancinsu suka watsar, sai Osun ce ta yi fice wajen riƙe nata. A farkon 2016 Jihar Kaduna ta fara nata a kan naira 50 ga kowane yaro, makarantu suka cika maƙil, sannan ba a daɗe ba shirin ya tsaya saboda nauyin kuɗi. A wannan shekara ta 2016 ce gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa shirin ƙasa baki ɗaya domin 'yan aji 1 zuwa 3, a kan naira 70 kowane kwano, da nufin a sayi kayan abincin daga manoman yankin. Daga baya gwamnatin ta ce tana ciyar da yara kusan miliyan 10. Sai da aka yi fiye da shekara 5 kafin aka ɗaga kuɗin zuwa naira 100, kuma a watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a domin bincike.

Mai karatu zai lura cewa a duk wannan tarihi abin da ake fara yankewa shi ne yawan naira, sannan a ce wa mai dafa abinci ta san yadda za ta yi. Bari mu juya lissafin, mu fara daga jikin yaron. Ɗan shekara 6 zuwa 9 yana buƙatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a yini, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Idan makaranta za ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ana maganar kalori 500 zuwa 600 ke nan. Giram 100 na ɗanyar shinkafa ko gero ko masara yana ba da kimanin kalori 350. Giram 30 na wake zai ƙara kimanin 100, giram 10 na manja ko man gyaɗa kuma ya ƙara 90. Jimla ta kama 540, tare da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 15. Haɗin hatsi da wake ba don ɗanɗano kawai ba ne: akwai wani tubalin furotin mai suna laisin da hatsi yake da ƙarancinsa, wake kuwa yana da shi da yawa, don haka ɗaya yana cike giɓin ɗaya. Iyayenmu da suka ƙirƙiro garau-garau da ɗanwake sun riga littattafanmu sanin wannan.

To, nawa ne kuɗin wannan kwano? Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ɗauke da rabon yara 500. A ƙarshen 2016, lokacin da buhu yake kai-kawo a wajejen naira dubu 20, rabon yaro guda ya kama naira 40, saura naira 30 a sayi wake da mai da gishiri da itace, a biya kuɗin mota, mai dafawa kuma ta fitar da ladan wahalarta. Tun a ranar farko ke nan zanen bai rufe jiki ba. A 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin farashin naira da aka yi a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa ya wuce naira dubu 70. Rabon yaro na shinkafa tsura ya zama naira 140 ko fiye, ƙwai guda ma ya fi ƙarfin naira 100.

Me mai dafa abinci za ta yi idan aka ba ta kuɗin da bai isa ba? Ba ta da ikon rage yawan yara, domin suna cikin rajista. Abin da yake hannunta shi ne ludayi. Za ta fara da cire abu mafi tsada, wato ƙwai ko kifi, sannan ta rage wake, sannan mai, a ƙarshe ta ƙara wa tukunya ruwa. Abin takaici shi ne, abubuwan da ake fara cirewa su ne masu ɗauke da furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin A. A takarda yaro ya ci abinci, jami'i ya rubuta lamba, amma abin da aka kafa shirin dominsa ya riga ya fita daga kwanon. Na taɓa tsayawa a bakin wata makarantar firamare ina kallon rabo, na ga 'yar shinkafar da ake zuba wa kowane yaro ba za ta cika tafin hannuna ba. Ban ga laifin matar da ke rabon ba. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Idan kuma aka haɗa da jinkirin biya, sai ta ci bashi a wurin ɗan kasuwa a farashin da ya ga dama, yara su sake biyan bambancin da cikinsu.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Indiya, inda aka fara shirin abincin rana na ƙasa a 1995, kuma Kotun Ƙoli ta wajabta ba da dafaffen abinci a 2001, ƙa'ida ta faɗi abin da zai shiga kwanon: kalori 450 da furotin giram 12 ga ɗan firamare, kalori 700 da furotin giram 20 ga na gaba da shi. Gwamnati tana ba da hatsin da awo, kuɗin cefane kuma ana sake duba shi lokaci lokaci gwargwadon farashi. A Amurka, wadda ta yi dokar abincin makaranta tun 1946, ana gyara kuɗin da gwamnatin tarayya take biya a kan kowane kwano duk shekara bisa ma'aunin farashin abinci. Ba na cewa shirye-shiryen nan ba su da aibu, amma sun ɗaure kwano, sun bar kuɗi ya bi kasuwa. Mu kuwa kuɗin muka ɗaure.

Shawarata ita ce a rubuta awon kwanon a cikin doka, giram kaza na hatsi, kaza na wake, kaza na mai da ganye, sannan a riƙa fitar da farashinsa kowane zangon karatu daga kasuwannin kowane yanki, tun da farashin gero a Dawanau ba ɗaya yake da na Fatakwal ba. Wannan ba kullum yake nufin ƙari ba, domin hatsi kan sauka da kaka. Haka kuma babu dalilin nacewa a kan shinkafa a ƙasar da gero da dawa da masara suka fi araha, gero ma ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Dambu da zogale, ko fate da alayyafo, ba abin kunya ba ne a kwanon ɗan makaranta.

Na san abin da za a ce: ina kuɗin? Tambaya ce mai nauyi. Yara miliyan 10 a kan naira 100 sun kama naira biliyan 1 a kowace ranar makaranta, kusan biliyan 200 a shekara, kuma idan aka biya kwanon gaskiya adadin zai ninka sau uku ko huɗu. Amsata ita ce, idan kuɗi bai isa kowa ba, gara a rage faɗin shirin da a rage zurfin ludayi. A fara da ƙananan hukumomin da yara suka fi rashin zuwa makaranta, a ba su cikakken kwano, a faɗaɗa a hankali. Na yarda wannan zai ɓata wa wasu rai, domin ɗan siyasa ya fi son ambaton miliyoyi. Kuma tilas kuɗin ya sami gindin zama. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa ilmin farko kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. Ciyarwa ma tana buƙatar irin wannan kaso da ba zai tafi da tafiyar gwamnati ba. Ƙasar Brazil ta ƙara da wata dabara a dokarta ta 2009, inda ta ce a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin wajen saye daga ƙananan manoma, ta yadda kuɗin yake komawa aljihun iyayen yaran da ake ciyarwa.

Wasu kuma sukan ce iyaye su biya wani abu. A Amurka akwai matakai uku, mai ci kyauta da mai biyan ragi da mai biya cikakke, amma wannan yana buƙatar a san abin da kowane gida yake samu, mu kuwa ba mu da irin wannan rajista. A makarantar gwamnati ta ƙauye, ko naira 20 aka sa, yaron da zai fara zama a gefe yana kallo shi ne wanda ya fi kowa buƙatar abincin. Taimakon gari da itace ko ruwa ko aikin gayya a gonar makaranta abu ne mai kyau, muddin ba a mai da shi sharaɗin cin yaro ba.

Malaman sakandare za su iya mai da wannan magana darasi. A aro sikeli daga ɗakin gwaji, ɗalibai su auna giram 100 na hatsi da 30 na wake da 10 na mai, su ga girmansu da ido. A tura su kasuwa ranar Asabar su tambayo kuɗin kwano da kwalba, a auna nauyin kwanon garinku, a raba, a ƙara kuɗin itace da barkono da albasa da ladan mai dafawa. A rubuta abin da ya fito a cikin littafi, da kwanan wata, a sake yi a zango mai zuwa. 'Yan makarantun kwana kuwa sai su tambayi nawa aka ware wa kowane ɗalibi a yini, su ajiye lambar kusa da tasu, su kai duka biyun taron iyaye da malamai.