Hikimar Fara Ƙera Jirgin Sama Daga Wutsiya

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa, wadda mai jin labarinta daga nesa zai iya ɗaukarta ganganci, ita ce mutum ya sayi sassan ƙaramin jirgin sama a cikin akwatuna, ya shafe shekaru yana harhaɗa su a garejin gidansa bayan ya taso daga aiki, har ranar da Allah zai nufe shi da shiga abinsa ya tashi. Hukumar FAA mai kula da sha'anin jiragen sama ta halatta haka, bisa sharaɗin cewa mafi yawan aikin ya fito daga hannun mai shi, kuma niyyarsa ta kasance neman ilmi ko nishaɗi. Kamfanin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, kuma jiragensa masu lambar RV da suka kammalu suka tashi sun haura 10,000. Galibin masu saye, akwatin wutsiya suke fara karɓa, sa'an nan fikafikai da gangar jiki su biyo baya.

Wasu na cewa dabarar kasuwa ce, a ba mutum abu mai rahusa har ƙafarsa ta shiga. Ban musa ba, amma a ganina hikimar ta wuce nan, domin wutsiya ita ce sashen da ɓata shi a kan teburi ya fi kowanne arha, alhali kuwa kuskurensa a sararin sama ba ya karɓar uzuri. Ita ke hana hancin jirgi duƙawa ko ɗagawa ba da izinin matuƙi ba, a jikinta kuma ake maƙala faifan da ke karkatar da shi dama da hagu, da waɗanda ke sa shi hawa da sauka.

Sai wanda ya dubi aikin kusa zai san nauyinsa. Fatar da ake rufe waɗannan faifai da ita falle ce ta aluminiyam, kaurinta wajen rabin milimita, wadda ɗan sakaci kaɗan ke lotsa ta. Kowane ramin ƙusa sai an daidaita hujinsa, an goge kaifin bakinsa don kada tsaga ta samo asali daga nan, an kuma lotsa shi ciki yadda kan ƙusa zai kwanta daidai da fata. Kafin nan kuwa an riƙe sassan da maƙalai na wucin gadi da ake kira Cleco, jere reras kamar ƙayar bushiya. Sa'an nan a zo ga danna ƙusa, bindigar iska a waje, dunƙulen ƙarfe a ciki, wani lokaci a lungun da ido ba ya kaiwa sai dai yatsa ya lalubo. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: gindin da aka danne ya yi faɗin ƙusar sau ɗaya da rabi, tsayinsa ya zama rabin faɗinta, akwai ma ɗan ma'auni na musamman da ake gwadawa da shi. Bayan duka wannan sai a sa dalma a gaban mahaɗar faifan hawa da sauka don nauyi ya daidaita, saboda faifan da bai daidaita ba yana iya kama karkarwa cikin gudu, karkarwar da kan yage wutsiya cikin daƙiƙoƙi.

A nan ne mas'alar take komawa ta amana. Ƙusar da ta karkace a cikin lungu, da zarar an rufe fata babu mai sake ganinta, kuma babu shaida a garejin sai mai aikin da Ubangijinsa. Ko dai ya huje ta ya sake wata, yana sane da cewa hujin na iya faɗaɗa ramin ya jawo masa sayen sabon sashe, ko kuwa ya rufe ya yi shiru. Wanda ya saba wa kansa da zaɓi na farko tun a wutsiya, shi ne ya cancanci a miƙa masa fikafikai. Ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirage da hannunsu, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana da ƙwararru 'yan sa kai masu ziyartar irin waɗannan maƙera su duba aikinsu, kuma mai hankali tun a wutsiya yake gayyatarsu, kafin mugun sabo ya zauna a hannunsa.

Idon da aka horar haka yana da rana. Lokacin da kamfanin Van's ya ba da kwangilar yanka wasu sassa da hasken leza maimakon hujin inji, masu haɗawa a gida suna cikin waɗanda suka lura da ƙananan tsage a bakin ramuka, matsalar da ta shiga cikin dalilan da suka kai kamfanin neman kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Disamban 2023.

Mu ma a Nijeriya ba baƙi ba ne ga jiragen RV. Jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, guda 60 domin horar da matuƙan Sojan Saman Nijeriya, daga samfurin RV-6A aka ɗauko shi. Saboda haka ina ba kwalejojinmu na fasaha shawara, tun da akwatin wutsiya ana sayar da shi shi kaɗai, su sayo ɗaya tare da kayan aikinsa, su ɗora ɗalibai a kansa ƙarƙashin injiniyan jirgi mai lasisi, a kuma riƙa ba ɗalibi maki a kan kowace ƙusa mai aibi da ya gano da kansa ya cire.